Nazarin lamari: yadda muka sayar da tsohuwar a-kori-kurar Baffa mai shan dizal

Wata bakwai motar ta yi a tsaye a gindin bishiya kafin Baffa ya yarda a tayar da zancen sayar da ita. Gwiwarsa ta hagu ce ta daina jure taka kuloci, likita ya hana shi tuƙi, a cikin 'ya'yansa kuma babu mai marmarin hawa motar da ta girme shi. Wani mai sayar da motocin hannu ya zo ya zagaya ta sau ɗaya, ya shuri taya, ya yi tayi. Baffa ya ce albarka. Bayan mutumin ya tafi ya ce da ni abin da aka taya ko kuɗin injin kaɗai bai kai ba.

"Kai ne gwanin waya," in ji shi. "Ka nemo mata mai saye. Ba na son dillali a tsakani."

Daga wannan rana zuwa ranar da muka miƙa makulli mako tara ne. Uku na farko asara ce zalla, kuma mu muka jawo wa kanmu. Abin da ya faru a waɗannan makonni uku shi ya sa na ga lamarin ya cancanci a rubuta shi.

Motar da masu nemanta

Toyota Hilux ce ƙirar 1996, samfurin LN106, mai ƙofa huɗu, tana ja da tayoyi huɗu idan an saka oksilari. Injinta 3L ne, silinda 4, lita 2.8, babu turbo, babu kwamfuta. Ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, don haka a hawan tudu da kaya sai haƙuri. Maleji ya nuna kilomita 412,000. Fenti ya koɗe, kujerar direba ta fashe, ƙasan bodin baya ya ci tsatsa a wuri biyu.

Wanda bai san irin waɗannan motoci ba zai ce wannan ta gama yayi. Masu nemanta kuwa abin da ya sa ta zama tsohuwa shi suke so. Daga wajen 2005 Hilux ta koma ga injin zamani wanda kwamfuta ke sarrafa feshin mansa, matsin man a bututu ya haura 1,000 a ma'aunin matsi na bar, ɗan ruwa ko datti kaɗan a mai yana iya lalata nozul, wato bakunan fesa mai, masu tsada. Nozul ɗin 3L a wajen 150 suke buɗewa, famfon mansa na ƙarfe ne da sifirin, duk bakaniken da ya san dizal zai iya kwance shi da sifana. Ga mutumin da aikinsa ke nesa da gari, wannan ya fi masa kujera mai laushi.

Darajar mota irin wannan kuma tana canjawa da inda take. A Landan, tun 2019 ake cajin kuɗi kullum ga motar dizal da ba ta kai matakin tsaftar hayaƙi na Euro 6 ba idan ta shiga yankin da aka keɓe, don haka tsohuwa irin wannan nauyi ce ga mazaunin birnin. A Amurka kuwa doka ta sassauta shigo da motar da ta cika shekara 25, sai ga masu sha'awa suna farautar irin waɗannan tsofaffin Hilux ɗin. Mai sayarwa yana bukatar ya san su wane ne masu saye a inda yake. Namu masu aiki ne, ba masu ado ba, kuma tambayarsu ɗaya ce: saura nawa a cikin injin nan?

Makonni ukun da muka ɓata

Mun fara da dabarar Baffa, ni ma ban musa ba don ban san komai ba. Aka kai motar wurin wanki aka wanke inji da ruwan matsi har yana sheƙi. Na ɗauki hotuna huɗu na waje, na rubuta talla mai layi biyu: lafiyarta ƙalau, ba abin da ke damunta, sai hawa. Duk ranar da wani zai zo gani, Baffa sai ya sa a tayar da ita da rabin awa kafin ya iso. Dalilinsa shi ne da safe tana ɗan yin gardama. Sai an yi kik sau uku ko huɗu, idan ta kama ta yi ta girgiza tana fitar da farin hayaƙi na ɗan lokaci, sannan ta daidaita. Bai ɗauki wannan ɓoye aibi ba. A ganinsa gyara wa baƙo wurin zama ne.

Mutum biyar suka zo a makonnin nan. Huɗu 'yan kallo ne. Na biyar dattijo ne da alama ya sha mu'amala da motocin dizal. Bai kalli fenti ba, bai shiga ciki ba. Ya buɗe bonet, ya ɗora bayan hannunsa a jikin inji, ya ɗauke. Ya tsaya yana kallon injin da aka wanke tas.

"Baba, an tayar da ita ne kafin in zo?"

"Don ta ɗan ɗumama ne," in ji Baffa.

"To, Allah ya kawo kasuwa."

Ko tayi bai yi ba. Baffa ya ji haushi, ya ce mutumin ba mai saye ba ne. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai har na je na tambayi bakaniken da ya daɗe yana duba motar. Bayanin da ya yi mini shi ne ginshiƙin duk abin da muka yi daga baya.

Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi. Fistin ne ke matse iska, a injin 3L kusan sau 22, har ta yi zafin da man da aka fesa zai kama da kansa. A irin wannan tsohon inji, cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki a kan silinda ake fesa man, kuma idan ƙarfen ya kwana ya yi sanyi sai ya shanye zafin. Shi ya sa aka sa wa kowace silinda hita da ke yin ja kafin a yi kik. To, motar da ke gardamar tashi da safe tana iya nufin abu biyu. Ko dai hitocin sun mutu, wanda gyara ne na rabin awa, ko kuma ringi da silinda sun cinye, matsin ya ragu, wanda ke nufin sauke inji. Injin da ya yi ɗumi yana ɓoye duka biyun. Wanke inji kuma yana share alamar duk inda mai ke tsiyaya. Dattijon ya tarar da shaidu biyu an kawar masa da su, kuma duk mai saye da ya san abin da yake yi, idan aka hana shi gani, mafi munin zato yake ɗauka. A lissafinsa injin ya mutu, kuma masu motar sun sani.

Abin takaicin shi ne ba mu ma san me muke ɓoyewa ba.

Kwana ɗaya a gareji

Na cire tallan. Muka bar motar ta kwana a garejin bakaniken, washegari ya duba ta da sanyinta. Hita biyu cikin huɗu sun mutu. Ya cire su duka, ya ɗaura ma'aunin matsi a ramukansu, ya gwada silinda ɗaya bayan ɗaya. Littafin gyara na Toyota ya sa 32 a ma'aunin kilo kan murabba'in santimita a matsayin lafiyayyen inji, 20 ne mafi ƙanƙanta da aka yarda da shi, bambanci tsakanin silinda kuma kada ya wuce 5. Namu ya ba da 29, 28, 29 da 27. Injin da muke ta rufa wa asiri ashe ba shi da abin kunya. Na ɗauki hoton allurar a kowace silinda, bakaniken ya rubuta lambobin a takardar garejinsa ya sa hannu.

Ya kuma yi gwajin da kowa zai iya yi: inji na aiki, ya kwance murfin baƙin mai ya ɗora shi a bakin ramin ba tare da ya ɗaure ba. Idan ringi sun gaji, iskar da ke kuɓucewa zuwa ƙasa takan yi wasa da murfin har ta tunkuɗe shi. Namu ya ɗan yi rawa, ya zauna.

Sauran abin da ya gano bai yi daɗi haka ba. Famfon mai yana ɗan jiƙewa ta saman inda wayar totur ke kamawa, robar ciki ta tsufa. Akwai ruwa a ƙasan matatar mai, abin da ba mamaki ga tankin da ya yi wata bakwai rabi a cike. Tayoyin baya suna da sauran zane, amma lambobi huɗun da ke gefen kowace taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, sun nuna sun haura shekara takwas. Sai kuma babbar magana, belin taimin, wanda ke daidaita motsin fistin da bawul.

Anan ne littafin Baffa ya fara aiki. Tun ranar da ya sayi motar yake ajiye wani ɗan littafin rubutu a aljihun dashbod, duk juyen mai da duk gyara sai ya rubuta da malejin ranar. Yawanci kowane kilomita 5,000 yake juye, yadda ake so ga irin wannan inji. Littafin ya nuna an canja bel a 305,000. Ƙa'idarsa kilomita 100,000 ne, har akwai fitilar gargaɗi a dashbod da ke kamawa idan lokaci ya yi. Ta kama, Baffa ya sa an kashe ta da niyyar zai canja, gwiwa ta sha gabansa. Idan wannan bel ya tsinke inji na gudu, fistin da bawul karo suke yi.

Mun yi jayayya da Baffa kan me za a gyara. Shi yana son a yi fenti a ɗinke kujera, bel kuma a bar wa mai saye, tunda ba a ganinsa. Ni na ga akasin haka. Fenti da kujera da taya abubuwa ne da mai saye zai gani da idonsa ya ƙiyasta kuɗinsu, ba za su tsorata shi ba. Sabon fenti a tsohuwar a-kori-kura ma tambaya yake jawowa, me aka rufe a ƙarƙashi? Abin da ya kamata a taɓa shi ne wanda ke hana a ga gaskiyar injin, da wanda zai iya kashe motar a hannunmu ko a makon farko a hannun wani. Daga ƙarshe ya sallama, yana mita. Aka sa sababbin hita huɗu, aka canja bel da abin ɗaure shi, aka zubar da tsohon mai, aka sa sabuwar matata, aka yi juye. Tsohon bel ɗin da rasit na ajiye su a leda. Famfo muka bar shi da tsiyayarsa, da niyyar faɗa.

Bayan haka na hau motar kwana goma, wajen kilomita 300, ba tare da ruwa ya taɓa inji ba. Ina so ƙura ta dawo ta zauna, inda ke jiƙewa ya jiƙe, inda ya bushe ya nuna a bushe yake.

Farashi da talla

Kuɗin da ake gani a tallan intanet kuɗin da masu mota ke fata ne. Tallan da ya yi wata uku yana nan, farashinsa ne ya hana shi tafiya. Na yi mako biyu ina bin motoci masu kama da tamu, ina lura da waɗanda suka ɓace da wuri, har na kira mutum biyu da suka riga suka sayar na tambaye su a nawa suka sallama. Ɗaya ya faɗa, ɗaya ya kashe waya. Farashin da ke ran Baffa ya fi na kasuwa da kusan rabi, domin ya haɗa da duk wahalar da motar ta fitar da shi a shekarun nan, wannan kuwa ba mai saye da zai biya. Muka zauna muka rubuta lamba uku a takarda: wadda za a sa a talla, wadda muke sa ran samu, da wadda ƙasa da ita ba ciniki. Rubutawar ta yi amfani, don a tsakiyar ciniki zuciya kan yi rawa.

Sabon tallan ya yi tsawo. Na sa shekara, samfuri, inji, maleji, lambobin matsi, da abin da aka canja. A ƙasa na jera aibobi ba ragi: famfo na tsiyaya kaɗan, tayoyin baya sun tsufa, tsatsa a wuri biyu, kujera ta fashe, fenti ya koɗe. Hotuna wajen ashirin, har da na tsatsar da na ƙarƙashin mota. Na rufe lambar motar a hotunan, takardu kuma ban saka ko ɗaya ba, don masu damfara kan kwashi irin waɗannan su yi tallan ƙarya da su. Abin da ya fi jawo kira shi ne bidiyon tashin safe, minti biyu ba yanka: na ɗora tafin hannu a kan bututun hayaƙi na jikin inji, na nuna allurar zafi a kwance, na murɗa makulli, fitilar hita ta kama ta ɗauke, kik ɗaya ta tashi, na zagaya baya na nuna salansa.

Baffa da ya karanta jerin aibobin sai ya ce, "Wannan talla ce ko ƙara ka kai ta?"

Kiran da suka biyo baya ba sa bukatar dogon bayani. Akwai masu tambayar kuɗin ƙarshe kafin su yi sallama, waɗanda nake gaya wa ba a cinikin biri a sama. Akwai dillalai da suka ce suna da mai saye a hannu. Akwai wanda ya ce yana ƙasar waje, zai biya fiye da farashi, in tura rarar ga wanda zai ɗauko masa motar, tsohuwar damfara ce, kuɗin farko ba ya taɓa zama. Wani ya turo hoton shaidar tura kafin alƙalami, na duba asusu ba ko sisi.

Ranar gani

Wanda ya saya mutum ne mai aikin haɗa famfunan ban-ruwa a gonakin da ke nesa da kwalta. Tambayarsa ta farko a waya ita ce ko zai iya zuwa da bakanikensa, ta biyu ko za a bar motar ba a taɓa ba. Nan na san mai saye ne.

Akwai wata 'yar matsala da ban ga ana ambata ba. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a haɗu da baƙo a bainar jama'a, kada a kawo shi gida. Amma motar da aka tuƙa zuwa wurin haɗuwa ta riga ta yi zafi. Mafitarmu ita ce motar ta kwana a gareji inda akwai mai gadi, a haɗu can da bakwai na safe.

Bakaniken nasa bai yi gaggawa ba. Ya taɓa inji. Ya leƙa ƙarƙashin murfin baƙin mai ko akwai farin kumfa mai kama da madara, alamar ruwa ya haɗu da mai. Ya buɗe murfin lagireto tun da sanyi, ya sa aka tayar, ya tsaya yana kallon ruwan ko zai riƙa fitar da kumfa, domin irin wannan inji idan ya taɓa yin zafi fiye da kima kansa kan tsage, iskar silinda ta riƙa shiga ruwa. Ya koma baya ya sa na taka totur. Baƙin hayaƙi mai ne ya fi iska yawa, shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa, fari mai ɗorewa bayan inji ya ɗumama kuwa ko man bai ƙone ba ko ruwa ke shiga. Namu ya ɗan tofar da baƙi sau ɗaya ya washe. Ya shafa famfon da yatsa ya nuna wa maigidansa danshin, maigidan ya ce ai an rubuta.

Kafin gwajin hanya na duba lasisin mai sayen, na shiga na zauna a gefe. A tudu ya sa giya ta huɗu ya taka sosai don ya ji ko kuloci na zamewa. Muka sauka daga kwalta, ya kulle tayoyin gaba ya saka oksilari a kan ƙasa, yadda ya dace, don irin wannan mota ba a jan ta da tayoyi huɗu a busasshiyar kwalta. Rabin awa muna yawo allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba.

Na ɗauka an gama. Sai bakaniken ya ɗauki ƙaramar guduma da tocila ya shige ƙarƙashi, yana bin cesis yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe amo yake yi, wanda tsatsa ta ci daga ciki kuwa sai a ji dum. Can wajen inda sifirin baya na hagu ke ratayewa ya yi shiru. Ya kankare laka, ya kira maigidansa. Akwai faranti na ƙarfe da aka yi wa walda a jikin cesis.

Ban san da shi ba. Bakanikenmu ma bai ambata ba, ko don ya ɗauka na sani. Mai sayen ya miƙe yana kaɗe gwiwa, fuskarsa ta canja.

"Malam, wannan fa ba ya cikin abin da ka rubuta."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji yadda duk jerin aibobin nan da nake taƙama da shi ya zama abin zargi. Wanda ya faɗi biyar ya bar na shida, ana iya cewa biyar ɗin ya faɗa don a daina nema. Na juya wajen Baffa da ke zaune a benci.

"Baffa, an taɓa yi wa cesis walda?"

Ya yi jim. "An yi. Siminti na lafta mata fiye da ƙima, ta tsage a nan. Wallahi na sha'afa, abin ya daɗe."

Ko ya sha'afa ɗin ne ko ya so ya sha'afa, ban bincika ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ɗauko littafin daga dashbod muka shiga buɗe shafuka a tsaye. Ga shi nan da rubutun Baffa, waldar cesis, hagu, baya, a maleji 258,000. Wato gyaran ya ɗauki kaya na kilomita 154,000 bai motsa ba. Bakaniken ya koma ƙasa ya sake dubawa da kyau. Ya ce wanda ya yi aikin ya san hannunsa: farantin mai tsini ne a gefe biyu, ba a yi walda miƙe daga sama zuwa ƙasa ba, wadda ita ce ke tara nauyi a layi ɗaya ta sake tsagewa. Babu sabon tsagu, babu tsatsa a bakin waldar.

Da babu littafin nan, cinikin ya mutu a wurin. Kuskurena ne ban karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba kafin in rubuta talla. Shafukan bel da juye kawai na duba.

Ciniki, kuɗi da takardu

Ya yi tayi ƙasa da lambarmu ta uku. Baffa ya ce albarka. Mai sayen ya kawo maganar taya da famfo, na ce an riga an cire su tun a farashin talla. Ya kawo maganar walda, a nan ba mu da ta cewa, muka rage masa kusan kashi 5 cikin 100. Ciniki ya faɗa tsakanin lamba ta biyu da ta uku. Ya ba da kafin alƙalami, muka rubuta a takarda cewa yana da kwana uku ya cika, idan ya fasa don ransa kuɗin ya zauna, idan wani aibi ya ɓullo da ba a faɗa ba a mayar masa.

Cikon kuɗin a cikin banki aka yi shi, mu uku. Saƙon waya bai ishe mu ba, sai da ma'aikacin banki ya tabbatar kuɗin ya zauna a asusun Baffa. Takardar ciniki kwafi biyu muka yi: sunayen mai sayarwa da mai saye da lambobin katin shaidarsu, lambar mota, lambar cesis da ta inji kamar yadda muka karanto su daga jikin ƙarfe muka gwada da na takardu, maleji, kuɗi, rana har da ƙarfe nawa aka miƙa makulli. Sai layi shida na aibobin da aka sani, waldar ce ta shida, da jumlar cewa ya saya a yadda ya gan ta bayan bakanikensa ya duba. Shaidu biyu suka sa hannu.

Jayayya ta ƙarshe kan sauya suna ce. Mai sayen yana da aiki a gona, ya so ya tafi da motar ya dawo a yi takardun bayan wata ɗaya. Baffa har ya fara cewa ba komai, mutumin kirki ne. Na ƙi. Tsarin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma abu ɗaya ne ko'ina: muddin hukumar rajista ba ta san mota ta canja hannu ba, duk tara, duk hatsari, duk laifin da aka yi da ita, ƙofar mai tsohon suna za a fara ƙwanƙwasawa. Kirkin mai saye ba ya hana shi sayar wa wani gobe. Muka tafi ofishin tare a ranar, muka ci layi, muka fito da shaidar an karɓi takardun. A hanyar dawowa na kira kamfanin inshora na sanar da su. Sai a sannan Baffa ya ciro makulli biyu daga aljihu, ya haɗa da littafin da ledar tsohon bel.

Da na cire kuɗin gyara, abin da ya rage wa Baffa ya fi tayin mai sayar da motocin hannu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Kuɗin bel bai dawo duka a farashi ba, Baffa ya tuna mini da wannan fiye da sau ɗaya, ni kuma har yanzu ina ganin da za a sake sai na canja shi. A ɗaya ɓangaren akwai mako tara, safiya da yawa, da kira sama da abin da zan iya ƙirgawa. Na daina ganin ribar mai sayar da motoci a matsayin zalunci, wannan wahalar ce yake ɗaukar wa mutum.

Kwana goma sha takwas bayan haka mai sayen ya kira. Famfon ya fara ɗiga sosai, yana tambaya ko Baffa zai taimaka da rabin kuɗin gyara. Na ce ya ɗauko kwafinsa ya karanta layi na farko a jerin aibobi. Ya yi dariya ya ce ya sani, gwadawa ya yi, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sannan ya ce akwai wani rubutu a littafin, wajen maleji 190,000, da ya kasa karantawa, yana ganin maganar famfon ce. Na miƙa wa Baffa wayar. Suka yi minti ashirin, Baffa yana gaya masa wace roba aka canja a lokacin, da yadda zai sa bakanike ya yi alama a jikin famfon kafin ya kwance shi don kada taimin ya goce.